Shekara biyu ina neman likitanci, Baba ya ce in zo shago

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Daura ne, shekarata 20. Na gama sakandare shekara biyu da suka wuce, kuma tun ina ƙarami burina in zama likita. Na zauna JAMB sau biyu, na farko na ci 187, na biyu 204, ban samu gurbi ba. A NECO ina da kiredit shida, sai dai kemistiri D7 na samu. Yanzu mahaifina ya ce zaman ya isa haka, in zo mu riƙe shagonsa na kayan masarufi a kasuwa. Wasu abokaina har sun kai aji biyu a jami'a. Wallahi na rasa inda zan sa kaina. In sake zama JAMB ko in haƙura?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, na karanta saƙonka sau uku, kuma kowane karo a wuri ɗaya idona ke tsayawa, wurin da kai ka ambata a gurguje ka wuce: D7 a kemistiri. Na yi sama da shekara ashirin ina koyarwa a makarantun sakandare na jihar nan, kuma galibi ni ke zama da 'yan aji shida idan lokacin cike fom ya zo. Ka yarda da ni, wannan D7 ɗin ita ta cinye maka shekara biyu. Ko da 300 ka ci a zaman farko, babu jami'ar da za ta ba ka likitanci. Sharaɗin a rubuce yake: kiredit biyar a Turanci, lissafi, fiziks, kemistiri da bayoloji, kiredit kuwa daga C6 yake farawa ya yi sama. A yawancin kwasa-kwasai ana yarda a haɗa sakamakon zama biyu, misali NECO da WAEC, amma a likitanci akwai jami'o'in da ke cewa sai dai a zama ɗaya. Ka yi shekara biyu kana buga ƙofa alhali makullinta ba ya hannunka, kuma ba a samu wanda ya zaunar da kai ya gaya maka ba. Wannan laifinmu ne mu malamai kafin ya zama naka.

Shi kuma makin 204, kada ka bari wani ya ce maka shaida ce ta kanka ba ya ja. A 2024, cikin mutum sama da miliyan 1.8 da aka saki sakamakonsu, kusan kashi uku cikin huɗu ba su kai 200 ba, a jarabawar da jimillar makinta 400 ne. Sai dai masu likitanci daga can ƙololuwa ake tsinto su. Hukumar da ke kula da aikin likitoci ta ƙayyade wa kowace makaranta adadin ɗaliban da za ta horar, gwargwadon malamanta da ƙarfin asibitin koyarwarta. Shi ya sa a Ahmadu Bello ta Zariya, ko Bayero ta Kano, ko Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, masu nema dubbai ne, kujerun kuwa 'yan kaɗan.

Tunda a Daura kake, na san abin da ake faɗa maka a majalisa: ai Baba Buhari ma sau uku ya faɗi kafin ya ci. Gaskiya ne, Allah Ya jiƙansa. Ya tsaya a 2003 da 2007 a ANPP, ya tsaya a 2011 a CPC, bai samu ba. Amma masu kawo wannan misali suna tsallake 2013, shekarar da jam'iyyarsa ta haɗe da ACN da ANPP aka kafa APC. Ƙuri'un Arewa yana da su tun asali. Na Kudu maso Yamma ne ba shi da su, kuma sai da aka je aka nemo abin da ya rasa sannan tsayawa ta huɗu, a 2015, ta yi amfani. Kai ma abin da ka rasa sananne ne. In ka koma JAMB karo na uku da wannan D7 a aljihu, kuɗin mahaifinka kawai za ka ƙona.

Kafin mu je ga yadda za a gyara, akwai tambayar da nake yi wa duk yaron da ya ce mini likita zai zama, kuma kaɗan ne ke da amsa a shirye. Mene ne kake so a cikin aikin? A kira ka Dakta a unguwa? Albashin? Ko kuwa akwai ranar da ka ga wani naka yana jin jiki, aka rasa mai duba shi, abin ya tsaya maka a rai? Duk amsar da ka bayar ba abin kunya ba ce, amma kowacce hanyarta daban. Mu a nan, yaro in yana da ƙoƙari a firamare sai a fara kiransa likita, ya taso da sunan, har ya ɗauka shi ya zaɓa. Hanyar ganewa mai sauƙi ce. Ka nemi mutum uku masu aikin lafiya, likita ɗaya, nas ɗaya, da ma'aikacin asibitin sha-ka-tafi ɗaya. Ka gaishe su da ladabi, ka roƙi minti ashirin. Ka tambaye su ƙarfe nawa suke fita, ƙarfe nawa suke dawowa, me ya fi gundurarsu a aikin, kuma da za a mayar da su shekara 20 wace hanya za su bi. In wani naku yana kwance a asibiti, ka karɓi jinya na kwana biyu, ka ga jini, ka ji wari, ka ga dare. Akwai ɗaliban da suka dawo mini bayan wannan suka ce Malam a canza mini, akwai kuma waɗanda suka dawo da ƙarfin zuciyar da ba su da shi da.

In har kula da marar lafiya ne ke ranka, ka sani likita mutum ɗaya ne cikin ayari. Akwai nas, akwai mai gwajin jini da fitsari a ɗakin gwaje-gwaje, akwai mai haɗa magunguna, akwai mai ɗaukar hoton ƙashi, akwai mai gashin ƙashi da motsa gaɓɓai, akwai ma'aikacin lafiyar al'umma, wanda ake kira CHEW, mai karatun shekara uku. A ƙauyukan da ke kewaye da ku, daga Zango zuwa Ɓaure zuwa Sandamu, shi ne mutumin da mai zazzaɓi da mai goyo suke fara gani. Akwai makarantar koyon aikin lafiya a nan Daura inda kake, akwai ta Kankiya, akwai ta nas a Katsina. Amma ka lura da kyau: su ma waɗannan duka kiredit ɗin kemistiri suke nema. Ko ta ina ka ɓullo, wuri ɗaya za ka dawo.

To, yanzu ga abin da nake so ka koya, wanda zai yi maka amfani ko da likitancin bai yiwu ba. “Ina so in zama likita” hangen Dala ne, ba shiga birni ba. Buri ba ya zama shiri sai ya samu abu uku: rana, kuɗi, da sharaɗin shiga. Ka sayi littafin rubutu na musamman, kada ka yi a waya. A shafin farko ka rubuta inda kake son ka ga kanka kana da shekara 30. Daga nan sai ka riƙa dawowa da baya, kana tambayar kanka me ya wajaba ya faru kafin wannan, har ka iso kan abin da za ka yi gobe da safe. Mafi yawan matasa daga yau suke farawa su hango gaba, sai komai ya yi musu duhu. In ka faro daga can ka dawo, kowane tsani yana nuna maka na ƙasansa.

Bari in yi maka naka ka gani. Kafin a shiga makarantar lafiya sai da gurbi. Kafin gurbi sai da makin JAMB na wannan shekarar, don sakamakon JAMB shekara ɗaya yake aiki, na bara ya mutu. Fom ɗinsa yakan fito a farkon shekara, a yi jarabawar wajen Afrilu ko Mayu, kuma sai da lambar NIN. Kafin makin ya yi amfani sai an ɗora sakamakon sakandare mai kiredit biyar a shafinka na JAMB, don wanda bai ɗora ba ko duba shi ba a yi. Kafin wannan sai ka gyara kemistiri. NECO tana da jarabawar masu zaman kansu wajen Nuwamba da Disamba, WAEC kuma tana yin tata sau biyu, ɗaya a farkon shekara ɗaya wajen ƙarshenta. Ka ga layin farko na littafinka ya fito da kansa: “Zan zauna jarabawar masu zaman kansu mai zuwa, in fitar da kemistiri aƙalla C4.” Shawarata, ka yi rajistar darussan biyar duka ka yi musu karatu da gaske, don in ka fitar da su a zama ɗaya ka rufe bakin kowace jami'a. Ka kuma sani cewa a irin wannan jarabawa ba a shiga ɗakin gwaji a riƙe kwalabe, a takarda ake amsa tambayoyin aikin gwajin, don haka sai ka san launin da kowane sinadari ke bayarwa da yadda ake cike teburin awo tun kafin ranar. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Daga nan sai ka gutsuttsura shi zuwa mako-mako. Awa biyu bayan sallar asuba, kullum, kafin gari ya waye hayaniya ta tashi. Ka samo tambayoyin shekaru goma da suka wuce, ka riƙa amsawa da agogo a gabanka, kana rubuta makin da ka ci duk Juma'a. Lissafin mol da daidaita ikweshan su ne inda ɗalibaina suka fi zubewa, kuma ba a koyonsu da karantawa, sai da biro. In akwai malamin kemistiri a unguwarku, ka je ka durƙusa ka roƙe shi awa ɗaya a mako. Mu malamai ba mu cika korar yaron da ya zo da kansa ba.

Abu na gaba shi ne wanda matasa ba sa son ji: ka yanke wa kanka iyaka tun yanzu, tun zuciyarka tana kwance. Ka je jami'ar da kake so, ka tambayi ɗaliban aji ɗaya na likitanci da nawa aka ɗauke su. Ka rubuta wannan adadin. Sannan ka rubuta a ƙarƙashinsa cewa wannan zama na uku shi ne na ƙarshe a kan likitanci, in makin bai kai ba, a makon da sakamako ya fito za ka je cibiyar JAMB ka canza kwas ko makaranta, zuwa ɗaya daga cikin wasu kwasa-kwasai biyu da za ka zaɓa tun yanzu ka ajiye a gefe. Dalilina lissafin shekaru ne. In ka shiga kana da 22, karatun shekara shida ne, in babu yajin aiki. Yajin malaman jami'a na 2020 ya ci kusan wata tara, na 2022 ya ci wata takwas. Bayan an gama akwai shekara ɗaya ta sanin makamar aiki a asibiti, sannan bautar ƙasa, wadda ba a tura wanda ya haura shekara 30 a lokacin da ya kammala, sai dai a ba shi takardar yafewa. Har yanzu kana da fili, amma ba mai faɗin da za ka ƙara zubar da shekara biyu ba.

Ina nanata wannan ne saboda wani yaro da har yau nake tunawa da shi. Yana da ƙwaƙwalwa, ina sonsa, kuma duk shekara in ya zo da sakamakonsa ni ke ce masa ya daure ya sake, mai nema yana tare da samu. Sau huɗu ya zauna. Ban taɓa zama da shi na ce mu tsara hanya ta biyu ba, don ina ganin kamar in na yi haka na karya masa gwiwa. Ranar da ya haƙura, bai koma wani kwas ba, karatun gaba ɗaya ya bari, ya daina ko biyowa ta layin da zai haɗu da ni. Da na ba shi ƙofa ta biyu tun a shekara ta biyu, ina kyautata zaton da yanzu yana cikin farin kaya a wani asibiti. Tun daga kansa ban sake barin ɗalibi ya fita ofishina da buri ɗaya tal ba.

Ka kuma yi hattara da masu cewa ka karɓi kowane kwas, in ka shiga aji biyu ka koma likitanci. Yana faruwa, amma jefi-jefi, kuma ba abin da mutum zai ɗora rayuwarsa a kai ba ne. In za ka karɓi kwas, ka karɓi wanda za ka iya zama da shi. Makarantu kuwa Allah Ya yalwata mana: Foliteknik ta Tarayya da Jami'ar Sufuri da Kwalejin Yusufu Bala Usman duk a Daura suke, ga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da Foliteknik ta Hassan Usman da Kwalejin Ilimi ta Tarayya a Katsina, ga Jami'ar Tarayya a Dutsin-Ma. Mai difloma ko NCE da sakamako mai kyau yana iya shiga jami'a kai tsaye a aji biyu. Kuma kada a raina maka alli. Shi marigayi Umaru Musa da aka sa wa jami'ar sunansa, kemistirin nan da ya kayar da kai shi ya karanta a Zariya, ya kuma koyar da shi, kafin ya zama gwamna a 1999, shugaban ƙasa a 2007.

Batun kuɗi, ka rubuta shi da alƙaluma: rajistar jarabawa, fom, kuɗin mota, kuɗin makaranta, abinci. Ka je ka tambayo farashin yau, don tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 lissafin bara ba ya yi wa bana aiki. Tun 2024 akwai asusun ba ɗalibai rance na NELFUND ga ɗaliban makarantun gwamnati, babu kuɗin ruwa a kansa, yana biyan kuɗin makaranta, ana fara biya shekara biyu bayan bautar ƙasa. Akwai kuma hukumar tallafin karatu ta jiha. Suna rage nauyi, amma ba su isa su riƙe ɗalibi shekara shida ba.

Wannan ya kawo mu kan mahaifinka, kuma a nan zan ɗan ja maka kunne. Ka rubuto kamar shago shi ne kabarin burinka. Ni ban ga haka ba. Dattijon nan shekara biyu yana kallon ɗansa yana kwana yana tashi babu abin yi, ya biya kuɗin fom sau biyu bai ga komai ba, yana kuma ganin abin da zaman banza ke yi wa 'ya'yan maƙwabta. Tsoro ne ya sa shi magana. Bai ce kada ka yi karatu ba, cewa ya yi zaman ya isa, kuma ya yi gaskiya. Ka je shagon. Ka je da zuciya ɗaya, ba da ɗaure fuska ba. Amma kafin ka fara, ka ɗauki littafin nan naka ka same shi bayan isha'i, lokacin da ya ci abinci ya huta. In kana jin nauyin bakinsa, ka fara kai wa baffanka ko kawunka da yake jin maganarsa, ku je tare. Ka ce masa, Baba na gano inda matsalar take, ga ta, ga ranar jarabawa, ga kuɗin, ga ranar da zan haƙura in bai yiwu ba. Ina roƙon a bar mini safiya zuwa ƙarfe tara, da makonni uku kafin jarabawa, sauran lokacin ina shago. Iyaye da yawa da ake cewa sun ƙi boko, abin da suka ƙi shi ne biyan kuɗin abin da ba shi da ranar ƙarewa.

Shagon kuma makaranta ce, in ka shige shi da ido buɗe. Ka karɓi littafin bashi ka gyara shi. Ka san nawa aka saro buhun sukari, nawa aka sayar, nawa ya rage bayan kuɗin mota da na ɗan dako. Ka koyi bambanta uwar kuɗi da riba, don rashin sanin wannan ya rufe shaguna fiye da gobara. Ka koyi yadda ake magana da dillali, da yadda ake karɓar bashi a hannun dattijo ba tare da an ci masa fuska ba. Ka roƙi Baba ya yanka maka wani abu, kome ƙanƙantarsa, ka shiga adashi da shi, ya zama kuɗin fom ɗinka daga guminka ya fito. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan naira 70,000 ne tun 2024, kai da kake ganin farashin kwanon shinkafa kullum ka san inda wannan zai kai magidanci. Ma'aikatan da na sani masu rufin asiri, kusan kowannensu yana da gona, ko kiwo, ko shago a gefe. Abin da wasu ke nema bayan sun yi shekara goma a ofis, kai an miƙo maka shi kana da shekara 20. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

In kuma ka zauna wata shida ka ga ciniki ba jininka ba ne, to ka nemi sana'ar hannu ka haɗa da karatun. Haɗa sola, wayarin ɗin gida, gyaran firji da famfon burtsatse duk ana nemansu a garuruwanmu. Ka zaɓi ogan da aikinsa ke da kyau, ku yi magana a gaban manya kan tsawon zaman da ranar yaye, don kada ka shekara uku kana sayo masa abinci.

Ka yi istihara kafin ka yanke, ka kuma yi shawara da waɗanda suka san abin, don su biyun tare suke tafiya. Na ji matasa suna cewa ai komai rabo ne, tsari na mene ne. Rabo gaskiya ne. Amma mutumin da ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, cewa aka yi ya ɗaure ta sannan ya dogara. Annabi Yusuf, alaihis salam, tsarin shekara goma sha huɗu ya shimfiɗa wa Masar, bakwai na tarawa, bakwai na ci.

Abokanka da ke aji biyu, ka yi musu fatan alheri, ka rage leƙa hotunansu a waya da dare. Ka ma nemi ɗaya daga cikinsu mai karanta kimiyya, in ya zo hutu ya zauna da kai kan lissafin mol.

A wannan makon abu uku kawai nake so ka yi. Ka je cibiyar rajista da aka amince da ita ka tambayo ranar rufe rajistar jarabawar masu zaman kansu da kuɗinta, kada ka ba wani ɗan tsakani kuɗinka. Ka nemo mutum na farko cikin ukun nan masu aikin lafiya. Sannan ka samu Baba. In kun yi maganar, ka rubuto mini abin da ya ce, da makin da ka ci a gwajin Juma'ar farko, sai mu duba kwasa-kwasan biyu da za ka ajiye a gefe. Allah Ya yi maka jagora, Ya sa albarka, ka gaishe mini da shi.